Marigayi Sa Harold Gillies, Likitan Da Ya Mayar Wa Dubban Sojoji Fuskokinsu

An haifi Harold Delf Gillies ran 17 ga watan Yuni, 1882, a garin Dunedin na ƙasar Niyu Zilan. Shi ne autan 'ya'ya takwas, kuma yana ɗan shekara huɗu mahaifinsa ya rasu. Da ya gama makarantar sakandare sai ya tafi Ingila, ya karanta ilmin likita a Jami'ar Kambirij, sa'an nan ya ƙarasa koyon aiki a Asibitin St Bartholomew da ke Landan. Ya ƙware a kan fiɗar kunne da hanci da maƙogwaro, yana zaman zamansa, har Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke cikin 1914.

Wannan yaƙi ya zo da irin raunin da likitoci ba su saba gani da yawa ba. Sojoji suna fakewa cikin ramuka, kai kaɗai ke leƙowa, saboda haka harsashi da ɓaraguzan bam sun fi samun fuska. Mutum ya kan rayu, amma babu hanci, ko babu muƙamuƙi, ba ya iya tauna abinci, ba ya iya magana, kuma yana jin kunyar komawa wajen iyalinsa.

Cikin 1915 Gillies ya isa Faransa. A can ya gamu da wani likitan haƙori mai suna Charles Valadier, wanda ke ƙoƙarin gyaran muƙamuƙan da suka farfashe. Daga nan ya wuce Faris ya kalli yadda Hippolyte Morestin ya ke cire ƙari daga fuskar majinyaci, ya rufe gurbin da fatar mutumin. Abin da ya gani ya tabbatar masa cewa gyaran fuska ya fi ƙarfin likita guda, domin ƙashi da haƙori da fata da numfashi duk a wuri ɗaya su ke, kowanne kuwa da masaninsa.

Da ya koma Ingila ya shawo kan babban likitan fiɗa Sa William Arbuthnot Lane, aka ware masa sashe a asibitin soja na Aldershot cikin 1916. Da kuɗin aljihunsa ya sayi takardun shaida da za a riƙa ɗaura wa masu raunin fuska a fagen fama don a aiko masa da su. Lokacin gwabzawar Somme, a watan Yuli na wannan shekara, an yi tsammanin majinyata 200, sai ga wajen 2,000. Wuri ya yi kaɗan, don haka aka buɗe Asibitin Sarauniya a Sidcup, kusa da Landan, cikin 1917.

A nan ne ya tara gwanaye iri iri a inuwa ɗaya. William Kelsey Fry, likitan haƙori, shi ke daidaita muƙamuƙi ya ɗaure shi, domin sai ƙashi ya tsaya daidai kafin a shimfiɗa masa nama da fata. Henry Tonks, wanda ya bar aikin fiɗa ya zama malamin zane, shi ke zana fuskokin kafin aiki da bayansa. Akwai masu sassaƙa da ke fitar da siffar fuska da farar ƙasa don a auna abin da ya ɓace, da masu ɗaukar hoton ƙashi, da ma'aikatan jinya waɗanda ke ɗura wa marasa baki abinci dare da rana. Har ila yau an raba asibitin sassa, na Birtaniya da Kanada da Ostireliya da Niyu Zilan, likitocin kowane sashe suna leƙa aikin juna suna ƙaruwa.

Wata babbar matsala ita ce ta maganin barci. A da, akan kifa wa majinyaci abin shaƙa a baki da hanci, watau daidai inda likita zai yi aiki, ga kuma jini na gangarawa maƙogwaro. Daga 1919 Ivan Magill da Stanley Rowbotham suka inganta dabarar zura bututun roba ta hanci zuwa hanyar numfashi. Da haka fuska ta zama fili ga mai fiɗa, numfashi kuma ya samu kariya. Har gobe ana amfani da wannan dabara a ɗakunan fiɗa na duniya.

Shi kansa Gillies ya shahara da wata hanyar dashen fata da ya fara cikin 1917 a kan wani sojan ruwa da ya ƙone. Akan yanko fata mai tsawo daga ƙirji ba tare da an raba ta da jiki ba, a naɗe ta kamar bututu a ɗinke, a kai bakinta ɗaya fuska. Jini na ci gaba da gudana a cikinta, cikinta kuma a rufe ya ke, ƙwayoyin cuta ba su samun mashiga, a zamanin da ba a sami fenisilin ba tukuna. Bayan 'yan makonni, idan ta kama, sai a yanke ɗaya bakin. Wani likita, Vladimir Filatov, ya gano irin wannan hanya da kansa a birnin Odesa kusan lokaci guda.

Ba kullum aka yi nasara ba. Cikin 1918 wani matuƙin jirgin sama da ya ƙone ƙwarai ya rasu bayan an yi masa dashen fata mai faɗi a karo ɗaya, alhali jikinsa bai yi ƙarfi ba. Abin ya taɓa Gillies, kuma daga nan ya riƙa horon almajiransa da su yi aiki kaɗan kaɗan, su ba jiki lokaci, domin sauri kan haifi nawa. Duk da haka, an yi fiɗa fiye da 11,000 ga mutane sama da 5,000 a Sidcup.

Ya wallafa littafinsa na fiɗar gyaran fuska cikin 1920, aka ba shi lambar girma ta Sa cikin 1930. A Yaƙin Duniya na Biyu ya shugabanci sashen gyaran fuska a Rooksdown, kusa da Basingstoke, yayin da ɗan'uwansa kuma almajirinsa, Archibald McIndoe, ke jinyar matuƙan jirage da suka ƙone a East Grinstead. Cikin 1946 aka zaɓe shi shugaban farko na ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Birtaniya.

Bai ajiye aiki ba har ƙarshen ransa. Yana cikin yi wa wata yarinya fiɗa a ƙafa ciwon shanyewar jiki ya buge shi, ya rasu a Landan ran 10 ga watan Satumba, 1960, yana da shekara 78.

Shekara 45 bayan rasuwarsa, cikin 2005, aka yi dashen wani ɓangare na fuska na farko a duniya a birnin Amiens, a yankin Somme ɗin nan da majinyatansa suka fito. Likitocin fiɗa da na barci da masana garkuwar jiki da na halayyar ɗan Adam ne suka haɗu suka yi shi, bisa tsarin nan da Gillies ya kafa a Sidcup, na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.