Malam Abdullahi ɗan Fodiyo: Ɗalibin Harshe da Bai Raba Karatu da Ibada ba

An haifi Abdullahi ɗan Muhammadu Fodiyo a ƙasar Gobir wajen shekarar 1766, a gidan malamai na Toronkawa. Ƙane ne ga Shehu Usmanu, wanda aka haifa a Maratta, kusa da Galmi ta jihar Tawa a yau. Fulfulde ya tashi da ita a gida, Hausa kuma a kasuwa da wurin wa'azi, amma Larabci ne harshen da ya ba rayuwarsa.

A hannun mahaifinsa ya karanta Alƙur'ani. Da ya kai shekara 13 aka danƙa shi ga yayansa Usmanu. A wurinsa ya karanta Ishiriniya da waƙoƙin mawaƙan Larabawa na dauri, ya karanta tauhidi cikin littattafan Sanusi, nahawu cikin Ajurrumiya da Ƙaɗarun Nada, fiƙihu kuma cikin Ahalari da Ishmawi da Risala. Mai lura da wannan jeri zai ga cewa littafin da ke koya wa yaro alwala da salla yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da wanda ke koya masa li'irabi. Dalilin a fili yake: wasali guda a ƙarshen kalmar Larabci yana iya mai da mai aiki ya koma wanda aka yi wa aiki, kuma wanda ya kuskure wannan a cikin aya ya kuskure ma'ana, wataƙila har da hukunci. Saboda haka, a wajen Abdullahi, nahawu da sarfu bayi ne na addini.

Karatunsa bai kasance na zama wuri ɗaya ba. Ya bi Shehu yawon wa'azi a Kabi da Zamfara, yana ɗaukar darasi a zango, yana taimaka wa malaminsa da rubutu da amsa wa masu suka. Ya kuma zauna gaban malamai da dama daga cikin danginsa da wajensu, har da Malam Jibril ɗan Umar, babban malamin Shehu, wanda sunansa ke haɗe da Agadas da ƙasar Adar. A shekarar 1812 ya rubuta Ida'un Nusukhi, inda ya jera malamansa da littafin da ya ɗauka a wurin kowannensu. Wannan ɗan littafi yana cikin manyan shaidun da ake da su game da tsarin karatu a ƙasar Hausa a ƙarni na 18, kuma darasi ne na amana: mai ilimi ya faɗi inda ya samo.

Jarrabawarsa ta zo bayan hijira zuwa Gudu a 1804. Yana cikin jagororin da suka ci nasara a Tabkin Kwatto a wannan shekara. Amma da nasara ta yawaita, sai ya ga waɗansu daga cikin abokan tafiya sun karkata ga ganima da sarauta da ƙawar duniya, abin da aka fita domin gyarawa. Wajen 1807 ya bar rundunar, ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. A Kano jama'a suka tsai da shi, suka roƙe shi ya koya musu yadda ake mulki bisa shari'a. Nan ya rubuta Liya'ul Hukkami, ya kuma karantar da tafsiri, daga bisani ya koma wurin yayansa. Abin da ya kore shi daga fagen fama shi ne tsoron lalacewar niyya, abin da ya tsai da shi a Kano kuma haƙƙin masu neman sani ne.

A 1812 Shehu ya ba shi kula da yammacin daula. Da Shehu ya rasu a 1817, aka yi wa Muhammadu Bello mubaya'a, aka ɗan samu sanyin zumunci tsakanin baffa da ɗa, har suka shirya a Kalambaina. Duk da nauyin mulki da wannan ɓacin rai, alƙalaminsa bai bushe ba. Ya bar Liya'ut Ta'awili, tafsirinsa babba, da Kifayatu Lu'afa'is Sudan, wanda ya sauƙaƙa domin masu ƙaramin ƙarfi a karatu, bisa ruwayar Warshu da mutanen ƙasar suka saba da ita. A fannin harshe ya bar Bahrul Muhiɗi a nahawu da Hisnur Rasini a sarfu, dukansu a waƙe, domin ɗalibi ya iya haddace ƙa'ida ya tafi da ita duk inda za shi.

Ɗalibin kimiyyar harshe na yau, da ke fama da jadawalin darussa da jarrabawa da neman shaidar kammala karatu, yakan ji kamar aji daban, masallaci daban. Tarihin Abdullahi yana nuna cewa tsarin kalma da ginin jimla suna iya zama hidima ga Littafi da jama'a, in dai niyya ta gyaru, an kiyaye salla a kan lokacinta, an girmama malami, an kuma ƙi sayar da sani domin muƙami.

Ya rasu a Gwandu a 1829, kuma can kabarinsa yake. Har yanzu ana karanta littattafansa a zaurukan malamai na Nijar da Najeriya. Allah ya jiƙansa da rahama.