Likita Stirrett, Bature Mai Magani

'Yan'uwa, bari mu tuna da Andrew Stirrett, wanda Hausawa su ka laƙaba wa suna Bature Mai Magani. An haife shi a ƙasar Kanada cikin shekara ta 1865. Mutum ne mai abin hannu, yana da kantunan magani a birnin Toronto. Amma sa'anda ya karanta labarin mutanen ƙasarmu waɗanda ba su ji bishara ba, hankalinsa bai kwanta ba. Ya danƙa dukiyarsa ga mishan ta S.I.M., wadda daga baya aikinta ya kawo har nan Roni. Shi kuwa a jirgin shanu ya haye teku zuwa Ingila. Ya iso Nijeriya cikin 1902, yana da shekara 37.

Ya yi aiki a Pategi da Wushishi, kana ya zauna a Jos. Bai yi aure ba, bai tara wa kansa kome ba. Kullum yakan tsaya cikin kasuwa yana wa'azi ga fatake da talakawa. Yana cikin waɗanda su ka juya Littafi Mai Tsarki da Hausa, aka buga shi cikin 1932. Ya rasu a Jos cikin 1948.

Dukiya ya fara bayarwa, sa'annan ya ba da kansa. Mu fa? Rumbu ya cika da gero, amma mukan auna wa gwauruwa da maraya da ƙaramin mudu. Ubangiji ya ba mu tawali'u da hannu sake.