Jimi Hendrix: Bahagon Makaɗin Jita (1942–1970)

 A wannan fitowa ta mujallarmu, ina so in kawo muku tarihin wani Baƙar Fata ɗan Amurka, wanda shekara huɗu kacal ya yi yana tashe, amma har yau in ana lissafin gwanayen kiɗan jita a duniya, da sunansa ake farawa. Wannan mutum kuwa shi ne Jimi Hendrix. Na zaɓe shi ne saboda dalili biyu. Na farko, ina cikin masu sha'awar kiɗansa tun muna makaranta. Na biyu, rayuwarsa na ɗauke da darasi ga duk wanda ke da yaro mai baiwa a gida, kuma da yawanmu yanzu mun zama iyaye.

An haife shi ran 27 ga Nuwamba, 1942, a birnin Seattle da ke arewa maso yammacin Amurka, lokacin mahaifinsa Al Hendrix yana aikin soja. Mahaifiyarsa Lucille ta raɗa masa suna Johnny Allen, amma da uban ya dawo sai ya canza masa suna zuwa James Marshall a 1946. Gida ne na talauci da yawan rigima, har iyayen suka rabu, uwar kuma ta rasu a 1958 yana ɗan shekara 15. Tun kafin ya mallaki jita, yaron yakan rungumi tsintsiya mai sanda yana kwaikwayon makaɗa. A shekarar da uwarsa ta rasu ne ya sami jitarsa ta farko, tsohuwa, a kan dala 5. Ba shi da malami, kuma har ya mutu bai iya karanta rubutun kiɗa irin na Turawa ba. Kunnensa ne malaminsa, ya zauna gaban rediyo da garmaho yana sauraren su Muddy Waters da B.B. King, yana bin su har ya iya.

Karatun boko bai yi nisa ba, don kuwa bai gama sakandare ba. A 1961 'yan sanda suka kama shi cikin motar sata, aka ba shi zaɓi, ko gidan yari ko aikin soja. Ya zaɓi soja, aka tura shi rundunar sojan laima ta 101 a Fort Campbell, jihar Kentucky. Can ya haɗu da Billy Cox, makaɗin jitar bes, wanda ya zama amininsa har ƙarshen rayuwarsa. Da yake hankalinsa na kan jita, ba kan fareti ba, shekara guda ya yi aka sallame shi a 1962.

Daga nan fa sai yawon neman abinci. A wancan zamani na wariyar launin fata, makaɗa baƙaƙe suna da nasu gidajen rawa daban, musamman a kudancin Amurka. Hendrix ya shafe wajen shekara huɗu yana bin waɗannan wurare a matsayin yaron kiɗa, yana tsaye a bayan manya irin su Isley Brothers da Little Richard. Bai cika daɗewa da ubangida ɗaya ba, saboda makara da kuma halinsa na janye hankalin 'yan kallo daga kan mai waƙa. Cikin wannan hali na babu ne, a watan Oktoba 1965, ya sa hannu a wata yarjejeniya ta shekara uku da wani mai buga faifai, Ed Chalpin, a kan dala ɗaya tak da kashi ɗaya cikin ɗari na ciniki. Ku riƙe wannan takarda a zuci, za mu sake haɗuwa da ita.

A 1966 yana kiɗa a wani ƙaramin gidan rawa na New York mai suna Cafe Wha?, sai Chas Chandler, makaɗin ƙungiyar The Animals ta Ingila, ya ji shi, ya ɗauke shi zuwa Landan ran 24 ga Satumba. Nan da nan aka haɗa shi da Turawan Ingila biyu, Noel Redding mai bes da Mitch Mitchell mai ganga, suka kafa The Jimi Hendrix Experience. Kafin wata tara, waƙoƙinsu uku, Hey Joe da Purple Haze da The Wind Cries Mary, duk sun shiga sahun goma na farko a Ingila. Manyan makaɗan ƙasar, irin su Eric Clapton da Pete Townshend da Jeff Beck, suka riƙa zuwa kallonsa suna riƙe baki. Faifansu na farko, Are You Experienced, ya fito a watan Mayu 1967, ya kai na biyu, ba abin da ya tare masa gaba sai faifan Sgt. Pepper na Beatles.

Abin mamaki, mutanen ƙasarsa ba su san shi ba sai da ya dawo musu daga waje. Paul McCartney ne ya ba da shawarar a gayyace shi bikin kiɗa na Monterey a Kalifoniya, inda ran 18 ga Yuni, 1967, ya gama wasa ya durƙusa ya zuba wa jitarsa mai ya cinna mata wuta. Daga ranar sunansa ya game Amurka. Faifai na biyu, Axis: Bold as Love, ya biyo baya a ƙarshen shekarar, sannan Electric Ladyland a watan Oktoba 1968, wanda ya kai na ɗaya a Amurka.

To, me ya bambanta shi da sauran? Da farko dai bahago ne. Yakan ɗauki jitar Fender Stratocaster ta masu hannun dama ya kifa ta, ya sake jera wayoyinta, abin da ya ba kiɗansa wani amo na daban. Na biyu, wannan ƙugin da lasifika kan yi in an ƙure ƙara, wanda mu a taron biki muke gudu mu rage, shi ya horar da shi ya mai da shi kiɗa, ta hanyar matsawa kusa da amfilifayar Marshall ko ja da baya. Na uku, yakan danne waya mai kauri da babban yatsa, sauran yatsun su sami sukunin yin ado, sai ka rantse mutum biyu ne ke kaɗawa. Kaɗa jita da haƙori ko a bayan ƙeya kuwa, tsohon wasa ne da ya koya a gidajen rawar baƙaƙe.

'Yan ajinmu za su tuna irin musun da mukan yi a ɗakin kwana bayan an tashi daga karatun dare. Wasu na cewa kiɗan Hendrix hayaniya ce kawai, gara musu Bob Marley ko Michael Jackson, wasu kuma ba su haɗa kowa da Shata. Ni dai ra'ayina bai canza ba. Wanda ke ganin hayaniya ce, ya nemi Little Wing ya saurara cikin natsuwa, minti biyu ne da ɗan kai, zai ji taushin hannun mutumin. Amma zan yarda da abokan musuna a kan abu ɗaya: muryarsa ba ta kai hannunsa ba, shi kansa an san yana jin kunyar waƙarsa. Haka kuma ƙona jita bai taɓa burge ni ba, don ta sa wasu sun ɗauke shi ɗan wasan dabo, alhali gwani ne mai tsara kiɗa.

Wasansa da ya fi shahara shi ne na Woodstock, da safiyar Litinin 18 ga Agusta, 1969. Taron ya kai mutum wajen 400,000, amma kafin ya hau dandali yawancinsu sun watse. A nan ya kaɗa taken ƙasar Amurka, yana sa jitar tana kukan jirage da fashewar bama-bamai, a daidai lokacin da ake tafka yaƙin Biyetnam. Wasu suka ce cin mutuncin ƙasa ne, wasu suka ce gaskiya ya faɗa ba tare da buɗe baki ba.

Sai dai a bayan fage al'amura sun riga sun dagule. A watan Mayu 1969 an kama shi a filin jirgin sama na Toronto da ke Kanada bisa zargin miyagun ƙwayoyi, kotu ta wanke shi a Disamba. Ƙungiyar Experience ta watse a watan Yuni. Ga gajiyar tafiye-tafiye, ga shaye-shaye, ga kuma waccan takarda ta dala ɗaya, wadda mai ita ya kai ƙara kotu. Don a kashe maganar ne aka ba da faifan Band of Gypsys, wanda ya ɗauka tare da Billy Cox da Buddy Miles a New York a daren shiga 1970. Kuɗi masu yawa kuma sun tafi wajen gina situdiyonsa, Electric Lady, da aka buɗe a watan Agusta 1970, bai ko mori wurin ba.

Bayan wasa a tsibirin Wight na Ingila da kuma Fehmarn na Jamus, ya koma Landan, inda ya mutu ran 18 ga Satumba, 1970, yana da shekara 27. Binciken likita ya nuna ya sha ƙwayoyin barci fiye da ƙima, amai ya shaƙe shi cikin barci. An binne shi a Renton, kusa da garin haihuwarsa. Bai bar wasiyya ba, kuma sai a 1995, bayan doguwar shari'a, mahaifinsa ya karɓo ikon mallakar waƙoƙinsa.

Tasirinsa ya iso har maƙwabtanmu. Bombino, makaɗin Abzinawa ɗan Agadas, ya koyi jita yana kallon bidiyon Hendrix, shi kuwa Mdou Moctar, wanda shi ma bahago ne ɗan Nijar, ya ɗauki faifansa na farko a Sakkwato a 2008, kuma jaridun Turai kan kwatanta shi da Hendrix.

Daga ƙarshe, 'yan'uwa, abu uku na tsinta a wannan tarihi. Yaron da ke rungumar tsintsiya yana buƙatar babba mai lura da shi, kamar yadda malamanmu suka lura da mu. Takarda kuma, mu da muke aikin ofis mun sani, ba a sa mata hannu cikin yunwa ba tare da an karanta ba. Sannan ƙwaya ba ta san gwani ba, kuma mun ga yadda turamol da kodin suka cinye samari a unguwanninmu. Gani ga wane, in ji Hausawa, ya ishi wane tsoron Allah. Ina fata waɗanda muka yi musu da su za su aiko da nasu martanin a fitowa ta gaba. Sai mun haɗu a taron shekara.