Germain Hess, likitan da ya yi wa zafin wuta lissafi

Jama'a masu karatu, musamman iyayenmu mata masu suyar ƙosai da masa a kasuwar Filinge da sauran kasuwannin ƙasar Kurfai, yau mun kawo muku tarihin wani Bature da ya rasu shekaru fiye da 170 da suka wuce, amma aikinsa ya shafi murhun gawayin kowace ɗayanku.

An haifi Germain Henri Hess a birnin Jeneva na ƙasar Suwis a shekarar 1802. Yana ƙaramin yaro mahaifinsa, wanda mai zane ne, ya kwashi iyali zuwa Rasha neman abinci. Can ya girma, ya yi karatun likita a jami'ar Dorpat, garin da yau ake kira Tartu a ƙasar Estoniya. Da ya gama sai ya ziyarci Berzelius, babban malamin ilimin sinadarai na ƙasar Suwidin, kuma tun daga nan zuciyarsa ta koma ga wannan fanni. Ya yi aikin likita a Irkutsk, cikin sanyin Saiberiya, inda bayan duba majinyata yake binciken duwatsu da ruwan yankin. A 1830 ya zauna a birnin San Fitasbag yana koyarwa, ya kuma wallafa littafin da ɗaliban Rasha suka yi shekaru suna karatu da shi.

A 1840 ne ya fitar da abin da ya sa ba a manta da shi ba. Ya riƙa haɗa asid, irin wanda ke cikin ruwan batir, da ruwa da wasu sinadarai, wani lokaci gaba ɗaya, wani lokaci kaɗan-kaɗan, yana auna zafin da ke fita. Sai ya ga muddin daga wuri ɗaya aka tashi, aka kuma ƙare a wuri ɗaya, jimillar zafin ba ta sakewa, ko ta wace hanya aka bi.

Wannan ba baƙon lissafi ba ne ga ɗan kasuwa. Wanda kake bi jika 10, ko ya biya lokaci guda, ko ya kawo 3 yau 7 kasuwa mai zuwa, jika 10 ne dai. In kuma ka san jimillar, ka san biyan ƙarshe, to ɗebewa za ka yi ka gane na farko.

Haka masana da suka biyo bayansa suka yi da gawayi. Giram 12 na zallar sinadarin gawayi, in ya samu isasshiyar iska ya ci sarai, yana ba da zafi kilojul 393.5, kilojul kuwa shi ne mudun awon zafi. In iska ta yi ƙaranci, konuwar rabi take tsayawa, sai wata iska mai guba ta fito, wadda ake kira kabon monoksid. Zafin wannan matakin yana da wuyar aunawa shi kaɗai. Amma an auna cewa ita iskar in aka ƙone ta tana ba da 283. A cire 283 daga 393.5, saura 110.5.

Ke nan gawayin da aka toshe wa iska ko kashi ɗaya cikin uku na zafinsa ba ya bayarwa, sauran kuɗinki ya bi iska. Abin da ya fi asarar kuɗi muni, wannan guba ba ta da launi, ba ta da wari. Lokacin hunturu, in aka shiga ɗaka da garwashi aka rufe ƙofa da taga, mutum sai ya ji ciwon kai da jiri, barci ya ɗauke shi, wani ba ya farkawa.

Hess bai yi tsawon rai ba. Rashin lafiya ya ci ƙarfinsa, ya rasu a San Fitasbag a ƙarshen 1850 yana da shekara 48. Har yau ɗaliban sinadarai suna koyon ƙa'idarsa da sunansa.

Mu dai kiranmu shi ne, a kakkaɓe toka daga ƙarƙashin murhu domin iska ta ratsa, kuma kada a kwana da garwashi cikin rufaffen ɗaki. Allah ya tsare mu, ya ba da kasuwa mai albarka.