Hanns Vischer, Ɗan Hausa: Baturen da ya kai maƙera cikin makarantar boko

A allunan makarantun kuɗi da dama a Kaduna, ciki har da unguwannin da ke kudu da kogi, ana ganin sunan Montessori. Sunan wata likita ce 'yar Italiya da ta buɗe gidan yara a birnin Rum a 1907, inda yaro ke zaɓar abin da zai yi da hannunsa, malama kuma tana lura. Shekara biyu bayan haka, a Nasarawa ta Kano, wani Bature ya fara gwajinsa na koyo da hannu, kodayake ta wata hanya dabam. Kanawa suka laƙaba masa Ɗan Hausa.

An haifi Hanns Vischer a birnin Basel na ƙasar Suwizalan a 1876, ya yi karatu a Kambirij ta Ingila. Da aikin mishan na CMS ya fara zuwa ƙasar Hausa a 1901, amma bai daɗe a kai ba. A 1903 ya zama ɗan ƙasar Birtaniya, ya shiga aikin mulki, aka tura shi Barno. A 1906 ya ratsa Sahara da ayari daga Tarabulus zuwa Barno, tafiyar da ya rubuta littafi a kanta.

Gwamna Girouard ne ya ɗora masa nauyin tsara ilmin boko a Arewa a 1908. Aikin yana da wuya, domin sarakuna da talakawa duk kallon tarkon mishan suke yi wa boko. Vischer ya zaga Masar da Sudan da Gwalkwas ya ga yadda ake yi, sannan ya dawo Kano a zamanin Sarki Abbas ya buɗe makarantar Nasarawa a 1909. Da malaman da suka riga suka yi karatun addini ya fara, don su zama masu koyarwa. Daga baya aka sami ajin 'ya'yan sarakuna, da elementare, da sashen sana'o'i.

A wannan sashe na ƙarshe ne tunaninsa ya fi fitowa fili. Masu sana'a na gari ne suka zama malamai, yara suna koyon dukanci da ƙira da sassaƙa da saƙa da ɗinki. Tsarin da ma ƙasar Hausa ta sani ne: ɗan maƙeri yana fara da zuga wuta, ya yi ta kallo, har ranar da za a miƙa masa masaba. Abin da Vischer ya ƙara shi ne karatu da rubutu da lissafi a gefen aikin, da sababbin kayan aiki. Da Hausa ake koyarwa, yara kuma suna zuwa da tufafinsu na gida, domin babban abin da yake gudu shi ne makaranta ta raba yaro da iyayensa. Wannan ce ta sa ya tsara ƙa'idojin rubuta Hausa da boko, waɗanda aka buga a 1912, suka zama tushen rubutun da ake yi har yau.

Sai dai akwai inda gizo ke saƙar. A wurin Montessori yaro ne ke zaɓa. A Nasarawa gwamnati ce ta zaɓa masa. Makarantar ta zo ne don samar wa En'e ma'aikata da kuma ɗaure mulkin sarakuna a ƙarƙashin Turawa, saboda haka ɗan sarki aka shirya wa mulki, aikin hannu kuma ya fi faɗawa kan 'ya'yan talakawa. Jinkirin koyar da Turanci ya sa akawunan ofisoshin gwamnati suka daɗe suna fitowa daga Kudu, kuma 'yan bokon Arewa na baya sun zargi tsarin da wannan. Da aka kafa Kwalejin Katsina a farkon shekarun 1920, wadda ta koma Kaduna a 1938 kafin ta zarce Zariya, daraja ta koma ga littafi da jarrabawa. Maƙera ta koma bayan aji, kuma har yau uba ma'aikaci ya fi murna da ɗan naziri mai haddace ABCD a kan wanda ya dawo gida da yumɓu a hannu.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya raba Vischer da Kano. Daga 1923 zuwa 1939 shi ne sakataren kwamitin da ke ba Ofishin Mulkin Mallaka shawara kan ilmi a Landan, kuma yana cikin waɗanda suka kafa cibiyar nazarin harsuna da al'adun Afirka a 1926. Ya rasu a Ingila a watan Fabrairun 1945. Gidan ƙasar da ya zauna a Nasarawa yana nan da zanen magina a jikin bangonsa, a hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, ana kiransa Gidan Ɗan Hausa.