Tereza ta Liziyo, wadda ta shahara da ƙaramin alheri

Mu 'yan kasuwa mun san darajar gyara. Ɗan abin da ake ƙara wa mai saye a bakin mudu ba ya rage riba, amma shi ke maido da shi gobe. Yau za mu kawo tarihin wata baiwar Allah da Kiristoci 'yan Katolika ke girmamawa, wadda ta gina rayuwarta a kan irin wannan ƙaramin alheri.

An haifi Tereza Martin ranar 2 ga Janairu 1873 a garin Alanson na ƙasar Faransa, a gidan 'yan sana'a. Mahaifinta Luwi mai gyaran agogo ne, mahaifiyarta Zeli kuwa tana sana'ar leshi, har da mata masu yi mata aiki. Sun haifi 'ya'ya tara, huɗu suka rasu tun suna ƙanana. A 1877 ciwon daji ya kashe mahaifiyar, Tereza tana da shekara huɗu, sai iyalin suka koma garin Liziyo.

Tun tana yarinya take son shiga gidan zuhudu na Karmel, inda mata ke keɓe kansu don addu'a. Da aka ce ta yi ƙanƙanta, sai ta bi ayarin ziyara zuwa birnin Roma a 1887, ta roƙi Paparoma Liyo na 13 da bakinta. A watan Afrilu 1888 aka karɓe ta, tana da shekara 15.

A can ta lura ba ta da ƙarfin yin manyan ayyukan da waliyyai suka yi suna da su. Sai ta zaɓi abin da ta kira ƙaramar hanya, wato yin kowane ɗan aiki da ƙauna saboda Allah, ba tare da kowa ya sani ba. Akwai wata tsohuwar sista mai wuyar sha'ani da ba ta iya tafiya sosai. Tereza ta ɗauki nauyin raka ta wurin cin abinci kowane maraice, tana shan ƙorafinta da fara'a. A wurin wanki wata takan fantsa mata ruwan datti a fuska, ba ta ko goge don kada ta kunyata ta. Akwai kuma wadda jininsu bai haɗu ba, amma ta riƙa sakar mata fuska har matar ta ɗauka ita ce ta fi soyuwa gare ta.

Kada mu ɗauka abin ya zo mata da sauƙi. Mahaifinta ya samu taɓin hankali, ya yi shekara uku a asibiti, ya rasu a 1894. A 1896 ta fara tarin jini, kuma shakka ta rufe zuciyarta game da rayuwa bayan mutuwa. Duk da haka ba ta canza hali ba. Tarin fuka ya yi ajalinta ranar 30 ga Satumba 1897, tana da shekara 24.

Lokacin rasuwarta kusan ba wanda ya san ta a wajen gidan. A 1898 aka buga tarihin da shugabanninta suka umurce ta ta rubuta, kwafi 2,000, daga nan aka fassara shi cikin harsuna da dama. Paparoma Piyus na 11 ya ayyana ta waliyyiya a 1925, a 1927 kuma aka sa ta majiɓinciyar masu aikin mishan, alhali tun da ta shiga Karmel ba ta sake fita ba. A 2015 Paparoma Faransis ya ayyana iyayenta biyu waliyyai tare.

Mu da ke wuni a kasuwa, kullum muna gamuwa da irin mutanenta: tsohuwar da ke ƙirga kuɗi a hankali, ɗan dakon da ke jin ƙishirwa, maƙwabcin rumfa mai zafin baki. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Allah ya ba mu ikon yi.