Labarin Labuwaziye, Mai Karɓar Haraji da Ya Gano Asirin Wuta da Tsatsa

An haifi Antuwan Labuwaziye a birnin Faris, ƙasar Faransa, ran 26 ga Agusta, 1743. Ubansa lauya ne mai wadata, shi ma aka sa shi karatun shari'a har ya ƙare, amma hankalinsa yana wajen binciken halitta. Cikin 1768 aka shigar da shi majalisar masanan Faransa. A shekaran nan kuma ya shiga kamfanin da ke tara wa Sarki kuɗin fito da harajin gishiri da na taba. Da rana yana ofis, da sassafe da dare yana ɗakin gwaji. Matarsa Mari-An, wadda ya aura cikin 1771, ita ke fassara masa littattafan Ingilishi, tana zana kayan aikinsa.

A zamanin nan masana sun ɗauka abin da ke cin wuta wani abu ne ke fita daga jikinsa. Labuwaziye kuwa ya saba da lissafin kuɗi, inda tilas abin da ya shiga ya yi daidai da abin da ya fita da saura. Sai ya kai wannan hali wajen gwaji, kome zai ƙona sai ya auna shi kafin da bayan. Cikin 1772 ya ƙona farar wuta, ya tarar nauyinta ƙaruwa ya yi. Cikin 1774 ya gasa kuza a kwalabar da ya liƙe, nauyin kwalaba da abin cikinta bai sake ba. Da ya buɗe, iska ta kutsa ciki, nauyi ya ƙaru. Ashe kuzar ce ta sha wani sashi na iskar da ke ciki.

A shekaran nan wani masani Bature na Ingila, Firistili, ya zo Faris ya ba shi labarin wata iska da ya fitar daga jan garin zaiba, wadda fitila ke ƙara haske a cikinta. Labuwaziye ya gasa zaiba kwana goma sha biyu a rufe, har ta yi jan gari, iska ta ragu. Sa'an nan ya tsananta wa garin wuta, iskar da ta ɓace ta komo. Ya sa mata suna oksijin, ita ce wajen kashi ɗaya cikin biyar na iskar da mu ke shaƙa. Watau cin wuta haɗuwar abu ne da oksijin. Tsatsar da ke cin fartanya ita ma haɗuwar ce, sai dai a hankali. Shi da abokinsa Laflas suka nuna numfashi ma haka ya ke, shi ke ba jiki ɗumi. Cikin 1789 ya buga littafinsa, ya jera tushen abubuwa 33. Ya yi wani kuskure, da ya zaci kowane asid yana da oksijin. Debi na Ingila ya gyara wannan cikin 1810.

Amma aikin haraji shi ya kai shi ƙasa. Talakawa sun ƙi jinin kamfanin, balle da aka kewaye Faris da ganuwa don kada kaya su shiga ba a biya fito ba, ga shi kuwa da hannunsa cikin shawarar. Da juyin mulki ya zo, aka kama shi cikin Nuwamba, 1793. Ran 8 ga Mayu, 1794, aka yi musu shari'a kan zargin cin dukiyar ƙasa da zuba wa taba ruwa, aka yanke hukunci, aka sare kawunansu su 28 a ranar, har da surukinsa. Shekarunsa hamsin. Bayan kamar shekara ɗaya da rabi hukuma ta wanke sunansa, aka mayar wa matarsa kayansa.

Ma'aikatan Baitulmali da na kotu, ga abin lura biyu. Ma'auni da littafi su suka kai mutumin nan ga gaskiyar da ta ɓuya wa masana. Shari'ar gaggawa kuwa ita ta hallaka shi, wankewar da ta biyo baya ba ta komo da shi ba.